3.4 Jigon Ɓoyayyen Zunubi a Rayuwar Mata cikin The Screwtape Letters

A wannan fasali za a dubi yadda C. S. Lewis ya sarrafa taurari mata a littafinsa na 1942, wanda ya ƙunshi wasiƙu 31 da wani babban shaiɗani, Screwtape, ya rubuta wa ƙaramin shaiɗani, Wormwood, yana koya masa dabarun ɓatar da wani saurayi Kirista a Ingila.

Mace ta farko ita ce mahaifiyar saurayin. A wasiƙa ta 17 marubucin ya nuna cewa haɗama iri biyu ce: akwai ta cin abinci da yawa, akwai kuma ta tsirfa. Wannan dattijuwa ba ta neman komai sai shayi da ɗan gasasshen burodi, amma dole a yi su daidai yadda take so, in ba haka ba ta hana masu gida da masu hidima sakat. Da yake abin da take nema kaɗan ne, sai ta ɗauka kamun kai take yi, alhali cikinta ne ke juya ta. Wato dai zunubin ya sa rigar nagarta, shi ya sa ba ta ga dalilin tuba ba.

Ta biyu ita ce budurwar saurayin, wadda aka siffanta da tsarkin zuciya. Duk da haka, a wasiƙa ta 24 an gano mata ɗan aibi: tana ganin duk wanda bai yi imani irin na gidansu ba wawa ne. Marubucin ya danganta wannan da ƙuruciya da rashin sanin duniya, amma Screwtape yana so saurayin ya kwaikaye ta har abin ya zame masa girman kai na addini.

Idan aka auna, za a ga marubucin ya yi nasara wajen fito da jaraba daga wurin da ba a zato, kamar teburin cin abinci da hirar masu bi. Sai dai akwai rauni. Matan nan biyu ba su da suna, kuma ba a ji yadda suke kokawa da jarabar a zukatansu ba, domin ta bakin shaiɗan kaɗai aka san su. Saboda haka mai karatu ya ga zunubin sarai, amma ba a nuna masa hanyar da mace za ta bi ta gane shi a kanta ba.