Ciwon Ajali a Ƙagaggen Labari da Ciwon Ajali a Arlit

Akwai wata tsohuwar al'ada a ƙagaggun labarai, watau marubuci ya ɗora wa kyakkyawar budurwa ciwon ajali, amma ya hana ciwon taɓa kyanta. Haka Alexandre Dumas ƙarami ya yi a 1848 cikin La Dame aux camélias, littafin da ya gina kan rayuwar Marie Duplessis, wadda tarin fuka ya kashe a 1847 tana ƴar shekara 23. Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo, sun bi sahu. A littattafan soyayya na Hausa ma sau da yawa tauraruwa takan kwanta, ta rame, ta ƙara haske, likita ya girgiza kai, masoyi ya yi kuka.

Aibin wannan salo ya wuce ɓoye majina da wari da kuɗin magani. Irin wannan ciwo ba shi da sanadi. Daga sama yake faɗowa, saboda haka babu wanda za a tuhuma.

A Arlit kuwa sanadin shi ne dukan maganar. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK kuma a 1978, kafin a rufe shi a watan Maris na 2021. Sanannen abu ne ga likitoci cewa shaƙar iskar radon a ramin uraniyom yana jawo sankarar huhu, kuma ciwon kan ɗauki shekaru bai bayyana ba. Don haka majinyacin garin ya fi kama da dattijo mai ritaya, mai tari da iyali, wanda ke jayayya da kamfani kan asalin cutarsa. A 2003 ma'aikatan CRIIRAD daga Faransa sun gano gurɓatattun ƙarafa na mahaƙa a kasuwar garin. Amina Weira, ƴar wani ma'aikacin mahaƙa, ta nuna wannan zama a 2016 cikin La Colère dans le vent, amma fim ne na gaskiya. Ƙagaggen labari bai fiye son jarumi irin wannan ba.

Abin ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. In za a rubuta wa ajin manya na Arlit ko Akokan labarin rashin lafiya, wajibi ne ciwon ya sami suna da sanadi da alamomi, a kuma daidaita kalmomin Hausa na ƙura, radon da gwajin huhu tun kafin a kai littafin maɗaba'a.