Taarab da dararen Zanzibar: wa ake yi wa kiɗan?

Idan rana ta faɗi a Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke Tekun Indiya, kiɗa yakan tashi daga wurare uku. A saman benayen otal-otal na tsohon birni, Mji Mkongwe, makaɗa huɗu ko biyar suna yi wa baƙi taarab, baƙin suna cin abinci. A gaɓar arewa, wajen Nungwi da Kendwa, manyan lasifikoki ne ke kwana suna ruri, musamman daren bikin cikar wata. A unguwannin Ng'ambo kuwa, inda galibin mutanen gari suke zaune, gidan biki ne ke tara jama'a. Duka ukun ana ce masu daren Zanzibar. Amma mai kishin taarab ba shi da makawa sai ya tambaya: a wanne daga cikinsu waƙar take samun mai sauraro?

Tambayar tana da tushe a tarihin kiɗan. Bisa abin da ake ruwaitowa, Sarki Barghash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888, shi ne ya aika wani makaɗi mai suna Muhammad Ibrahim zuwa Masar don ya koyo kanun, wato wani faifan katako mai tsirkiyoyi da yawa da ake ɗorawa a cinya. Daga fada kiɗan ya sauko cikin ƙungiyoyi. An kafa Ikhwani Safaa a shekara ta 1905, Culture Musical Club kuma a 1958. Ƴan waɗannan ƙungiyoyi ma'aikata ne da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu. Da rana kowa yana neman abincinsa, da dare su haɗu a ɗakin ƙungiya su yi ta bita, ba don lada ba. A wannan ɗaki yaro yake koyon udi da goge da akodiyan, a nan ake tace baiti kafin a fitar da shi bainar jama'a.

Wadda ta buɗe wa talakawa ƙofar taarab ita ce Siti binti Saad, ƴar ƙauyen Fumba. A 1928 ta je Bombay aka ɗauki muryarta a faifan garmaho, tana waƙa da Suwahili, harshen kasuwa da tsakar gida, alhali da Larabci aka saba yi a fada. Waƙarta mai suna Kijiti ta tona kisan gillar da aka yi wa wata mace, da yadda mai laifin ya sulale bai fuskanci hukunci ba. Tun daga lokacin taarab ya zama wurin da gari yake faɗin abin da ba ya faɗuwa a fili.

Wannan ne ya sa mai sauraro yake da rabo a cikin aikin. A zaman taarab na asali, makaɗa da ƴan amshi sukan haura 20, a buɗe da kiɗa zalla da ake kira bashraf, waƙa ɗaya kuma takan kai minti 10 ko fiye. Idan baiti ya taɓa wata mace, sai ta miƙe da takardar kuɗi a hannu, ta tako a hankali zuwa gaban mawaƙi, ta yi masa liƙi. Yadda ta karkaɗa kuɗin da ɓangaren da ta kalla sun isa su sanar da kowa wadda take nufi. Marubucin waƙa ya rubuta habaici ba tare da suna ba, mai liƙi ce take sa masa suna. Idan babu ita, rabin ma'anar ya tafi.

A nan ne zaman otal yake da rauni. Adalci ne a faɗi amfaninsa: baƙi fiye da 600,000 suka shiga Zanzibar a 2023, kuma kuɗinsu yana ciyar da makaɗan da bitar ƙungiya ba ta taɓa biyansu ko sisi ba. Sai dai otal yana sayen abin da ya dace da teburinsa. Ba zai ɗauki mutum 20 ba, sai ya rage su zuwa biyar. Ba zai jira doguwar waƙa ba, sai a gutsure ta. Baƙon da bai ji Suwahili ba yana yaba zaƙin kanun da kyawun tufafi, ya ɗauki hoto, ya tafa hannu. A wurinsa gani ya kori ji. Mawaƙin da ya san ba mai gane baitinsa yakan koma maimaita tsofaffin waƙoƙi ƴan kaɗan, tunda sabuwa da tsohuwa duk ɗaya ne a kunnen mai biya.

Kuskure ne kuma a ɗora wa ƴan yawon buɗe ido laifin duka. Tun shekarun 1990 mutanen gari da kansu suka karkata ga sabon salo da ake kira rusha roho, inda fiyanon lantarki yake maye gurbin makaɗa da yawa. Ya fi sauƙin kuɗi ga mai biki, ana taka masa rawa, habaicinsa kuma da ake kira mipasho ya fi kusa da zambo, ba ɓoye-ɓoye. Dattawan ƙungiyoyi suna kukan cewa ladabi ya tafi. Duk da haka wannan salo ya riƙe abin da otal ya yar: matan da ke miƙewa su amsa waƙa. Sakamakon shi ne taarab ya rabu biyu. Kayan kiɗan da lallausan sautin suna wajen baƙi, masu fahimtar magana suna wajen lasifika.

An yi ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka. Makarantar kiɗa ta Dhow Countries Music Academy ta buɗe a 2002, ta shiga koyar da kanun da udi ga samari da ƴan mata. A 2004 aka fara bikin Sauti za Busara, wanda ya shekara da shekaru yana cika tsohuwar ganuwar Ngome Kongwe, tare da rage wa ƴan ƙasa kuɗin shiga. Irin wannan dandali ne ya ƙara fito da Bi Kidude, wadda ta samu lambar yabo ta WOMEX a 2005, ta rasu a 2013. Amma biki na ƴan kwanaki ne a shekara, kuma a 2016 rashin kuɗi ya hana a yi shi. Makaranta tana iya ba ɗalibi hannu, ba ta iya ba shi jama'ar da za ta gaya masa ko baitinsa ya ratsa.

Don haka ma'aunin daren Zanzibar shi ne ɗakin ƙungiya, duk da cewa shi ne mafi ƙarancin haske da kuɗi. Can ne kaɗai cikakken rukunin makaɗa yake zama tare a kai a kai, can ne ake gwada sabuwar waƙa a gaban masu jin harshen. Otal da biki da makaranta duk daga wannan rijiya suke ɗiba, kuma hakki ne a kansu su taimaka wajen yashe ta: kuɗin haya, gyaran kayan kiɗa, da zaman taarab na gari wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga. Idan ɗakunan nan suka rufe, kanun zai ci gaba da amo a saman benaye shekaru masu yawa, baƙi kuma ba za su lura an rasa kome ba. Mutanen Ng'ambo ne za su lura.