Gangar Noma da Kiɗan Daɓe a Ƙasar Kazaure

Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Ɓaɓura ta masarautar Ringim can kusa da iyakar Nijar, ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma daminarta gajera ce. Ruwa kan zauna a watan Yuni, kafin Oktoba ya yi nisa ya ɗauke. Bayan shuka da 'yan makonni ciyawa ke tasowa a kowace gona lokaci guda, hannun gida ɗaya ba ya iya mata. Wannan matsi shi ya haifi gayya, a cikin gayya kuma kiɗan noma ya girma.

Mai gangar noma yana rataye ta a kafaɗa, lanƙwasasshen makaɗi a hannun dama, tafin hagu yana danne fata yana saki don muryar ta sauya. A gefensa akwai mai kazagi, wanda aikinsa cike ratar da babbar ganga ta bari da ƙananan bugu masu sauri, sai 'yan amshi. Ba sa zama a inuwa. Suna bin sahun manoma kunya bayan kunya, idon makaɗin yana kan fartanya. Ya ga sahu ya fara ja da baya, sai ya ƙara wuta. Ya hango wani ƙato ya yi zarra, sai ya saki kiɗan gama-gari ya ɗauko takensa, shi kuwa ya miƙe ya ɗaga fartanya ya yi kirari, mata masu kawo fura su rangaɗa guɗa. Abin da ya fi burge ni a wannan fasaha shi ne saurin kiɗan ba daga kan makaɗi yake fitowa ba. Ƙasa ce ke tsara shi. Jigawa mai yashi irin ta Ɓaɓura tana sakin fartanya da wuri, tsakuwar gindin duwatsun Roni da Kazaure kuwa tana riƙe ta, dole gwani ya saurari bambancin.

A Turai, makaɗi Vivaldi ya fitar da kiɗansa na lokutan shekara huɗu a 1725, inda goge ke kwaikwayon tsawa da kukan tsuntsaye ga mutanen da ke zaune a zaure. Makaɗin noma ba ruwansa da siffanta damina, domin yana tsakiyarta, kiɗansa wani sashe ne na aikin. Da kaka ta yi, an ɗaure dammuna, sai kalangu ya karɓi fage wajen 'yan dambe, a yi kokawa a dandali da farin wata.

Akwai kuma kiɗan da ba a cika kiransa kiɗa ba, na mata. Lugude kenan, taɓare biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace ta san gurbin bugunta, wata ma ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Sai daɓe, wanda ya haɗa kiɗa da gini kai tsaye. Idan an gama sabon ɗaki, musamman na amarya, sai a zuba tsakuwa a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓai suna bugu tare suna waƙa, daga baya a shafe da makuba. In bugun bai daidaita ba, daɓen ma ba zai kwanta daidai ba. A fada, a Kazaure da Ɗantunku ya kafa sarautarta a 1819 da sauran masarautu, tambari na sarki ne shi kaɗai, kuma ƙofar fada da filin gabanta su ne muhallinsa.

Manazarta sun yi ƙoƙari. Ames da King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da wuraren amfaninsu a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka a 1993. Sai dai yawancin abin da ɗalibai ke rubutawa yana tsayawa ne kan baitoci da jigo da salo, ganga ta zama 'yar rakiya. Ga kiɗan noma wannan asara ce babba, tunda take kan isar da saƙo ko da mawaƙi bai buɗe baki ba. Musa Ɗanƙwairo ma daga gidan kiɗan noma ya fito kafin ya koma kiɗan sarauta.

Yau ƙodago ya ci gayya, maganin feshi ya rage noman hannu, siminti ya kori daɓe, injin niƙa ya sa turmi hutu. Ban ga laifin manomin da ya zaɓi sauƙi ba. Damuwata ita ce inda aka mayar da gangar: bikin al'adu da taron siyasa, inda ake buga ta minti biyar a gaban manyan baƙi, ba fartanya ba kunya. Duk mai son adana ta, ya ɗauki na'urarsa ya tafi ƙauyukan Gwiwa ko Roni a watan Yuli, lokacin maimai, ya nemi tsofaffin makaɗan da suka yi gayya da ƙuruciyarsu, ya tambaye su taken kowane gida da wanda aka fara yi wa shi.