Ranar Ƙauyawa: Biki Ne Ko Ba'a?

Kwanan baya na je bikin 'yar maƙwabciyata a nan gindin Dala, wai ranar ƙauyawa ake yi. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an jera ƙore da ludaya da faya-fayai, ga fura da nono, ga ɗanwake, ga kwaɗon rama. Wallahi abin gwanin sha'awa.

Amma me? Sai ga 'yanmata sun fito, fuska duk ɗige-ɗigen kwalli, jambaki har kumatu, zani a karkace, suna kwaikwayon maganar mutanen karkara ana ta shewa. Can gefe kuwa gwaggon amarya ce, wadda ta taso daga ƙauye da buhun gero gudummawa. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai, ko furar ba ta sha ba.

Haba jama'a! Wace ce a cikinmu ba ta da tushe a ƙauye? Geron da aka yi furar, wa ya noma shi?

A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta sanar da hana wannan biki, to amma hukuma ba ta kwana a tsakar gidanmu, gyara yana hannunmu mu iyaye mata. Ni ban ce a jefar da ƙwarya ba. A ɗaura saƙi tsaf cikin mutunci, a sa su gwaggo a gaba su koya wa yaranmu lugude da damu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa mu gane, amin.