Abin Da Ya Ke Sabo A Cikin Shaihu Umar

A cikin 1933 Dokta East na ofishin talifi a Zariya ya sa gasar rubuta labari da Hausa, aka buga waɗanda suka ci. Biyu daga ciki su ne mu ke yawan gardama a kansu a zaurukan Tambuwal da Kebbe, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Galibin mutane sun fi son Ruwan Bagaja, don ban dariya. Ban ga laifinsu ba. Amma wanda ya yi karatun zaure ya san Imam ya ɗebo ruwa daga rijiyar Larabawa, ya zuba a tulun Hausa. Wannan gwaninta ce, ba sata ba. Shi kuwa Ɓalewa bai je aro ko'ina ba. Abin da kakanninmu suka gani da idonsu ya ɗauko, watau zamanin da a ke kama mutum a sayar.

A ganina ran littafin ba Umar ba ne, uwarsa ce. An sace mata ɗa yana ƙarami, ta bar mijinta Makau, ta bi sawu. Aka yaudare ta, ta faɗa bauta, aka ƙetare hamada da ita. Ba ta san ko yaron ya zama malami ko ɓarawo ba, ba ta kuwa tambaya ba. Ɗanta kurum ta ke so ta gani. Da ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika. A tatsuniya, wanda ya sha wahala ya kan sami sarauta ko dukiya. Ita ba ta sami kome ba sai wannan gani guda, mai talifin kuma bai ƙara mata ko anini ba. Nan ne ya rabu da masu ba da labari na da.

Inda na ke da magana shi ne godiyar Umar ga Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Godiyar ta cancanta. To, amma cinikin da ya kai Umar gidan wannan mutumin kirki shi ne ya ci uwarsa, ga shi kuwa Umar ya ba almajiransa labarin da sanyin murya, bai tsaya ya haɗa abin nan biyu ba. Na so a ce ko sau ɗaya muryarsa ta yi rawa.