Maganaɗisu, ƙanƙara da liyarin 1780: ina gwaje-gwajen gane azurfar jabu suke kai mai saye?

Akwai wasu gajerun bidiyoyi da suke yawo a Facebook da TikTok, kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Mutum zai ajiye tsohon sulen azurfa a kan tebur, ya kawo maganaɗisu ya nuna bai kama ba, ya ɗora ƙanƙara a kai ta narke nan take, ya ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara zau, sai ya ce shi ke nan, wannan asali ne. Kowane gwaji a cikinsu yana da tushe a kimiyya, shi ya sa suke shiga rai. Amma in kana shirin tura wa wani kuɗi ta intanet saboda ka ga irin wannan, ya kamata ka san iyakar abin da kowannensu zai iya gaya maka, domin iyakar ba ta da nisa.

Zan yi misali da sulen da ya fi shafar mu, wato dalar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda kakanninmu suka sani da liyari. Ta yi yawo a kasuwannin Habasha, Sudan, Yaman, har ƙasar Hausa da Borno. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa dala ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Bayan ta daina zama kuɗin ciniki, mata suka ci gaba da rataya ta a matsayin ado. Ma'auninta sananne ne: nauyi giram 28.07, faɗi wajen milimita 39.5, kauri wajen milimita 2.5, kuma kashi 83.3 cikin ɗari azurfa ne, sauran jan ƙarfe.

Maganaɗisu dai ba ya kama azurfa, wannan gaskiya ne. To amma ba ya kama jan ƙarfe, ba ya kama tagulla, ba ya kama dalma. Abin da yake tonawa kawai jabun da aka yi da baƙin ƙarfe, wanda shi ne mafi arha kuma mafi sakaci. Wasu masu bidiyon sukan ƙara da karkata sulen su saki ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi ya gangaro a hankali. Dalilin jinkirin shi ne motsin maganaɗisun yana haifar da lantarki mai zagayawa a cikin ƙarfen, lantarkin kuma ya yi masa birki. Duk ƙarfen da lantarki ke ratsawa da sauƙi zai yi haka, kuma jan ƙarfe yana bin bayan azurfa kut da kut a wannan fanni. Sulen jan ƙarfe da aka shafa wa azurfa a sama zai ci wannan jarrabawa ba tare da ya yi gumi ba.

Labarin ƙanƙara ma haka yake. Azurfa zalla tana ɗaukar zafi da ma'auni 429, jan ƙarfe kuma 401. Wa zai iya gane wannan bambanci da ido, a ɗaki mai zafi, da ƙanƙarar da ta riga ta fara narkewa tun a hannu? Balle ma liyari ba azurfa zalla ba ne, kuma gauraye yana rage wa ƙarfe wannan saurin. Shi kuwa gwajin asid, saman sule kaɗai yake taɓawa sai in an kankare, in kuwa aka kankare tsohon sule an rage masa daraja da hannu. Hatta na'urar XRF da manyan dillalai ke amfani da ita, haskenta ba ya shiga can ciki, shafe mai kauri yana iya ruɗin ta.

Gwajin da ya fi duk waɗannan ƙarfi shi ne wanda ba a cika nunawa ba, watakila don ba shi da armashi a kyamara. Kowane ƙarfe yana da nauyin da yake ɗauka a santimita kubik ɗaya: azurfa giram 10.49, jan ƙarfe 8.96, tagulla wajen 8.5, dalma 11.34. In ka lissafa gaurayen liyari za ka samu wajen 10.2. Ma'anar wannan ita ce mai jabu yana cikin tsaka mai wuya. In ya yi sulensa da tagulla daidai girman na asali, nauyin zai tsaya wajen giram 23.4, ya gaza da kusan giram biyar. In kuma ya dage sai ya cika giram 28, dole sulen ya ƙara kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba zai samu nauyi da faɗi da kauri duka uku a lokaci guda ba.

A gida ma ana iya auna wannan da dabarar Arkimidis. Ka samu ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Ka auna sulen a bushe. Sai ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifili, ka ɗaure sulen da zare ka nutsar da shi ba tare da ya taɓa ƙasan kofi ko gefensa ba. Lambar da ta fito ita ce girman sulen, sai ka raba nauyin da ita. Liyari na gaske zai nuna wajen 2.75, jabun jan ƙarfe mai nauyi iri ɗaya zai nuna wajen 3.13. A kula da kumfar iska da ke maƙalewa a jikin rubutun, tana ɓata lissafi. Ana iya gauraya dalma da kuza a samu lambar da ta yi kusa da 10.2, kuma a nan ne gwajin ƙara yake da rana, domin irin wannan gauraye yana da laushi, in an ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙus. Wato ƙarar tana da amfani a matsayin shaida ta biyu, bayan sikeli ya gama magana.

Sai dai babban abin da nake zargin waɗannan bidiyoyi da shi ya wuce raunin gwaji ɗaya ko biyu. Dukkansu, har da na sikelin da na yaba, tambaya ɗaya suke amsawa: wane ƙarfe ne wannan? Mai sayen tsohon kuɗi kuwa yana biyan farashin shekaru ne. Liyari ya fi kowane sule nuna wannan giɓi. Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwar Larabawa da Afirka sun saba da fuskarta ba sa karɓar wata, sai aka ci gaba da buga sulen da wannan shekara ba a canza ba. An buga shi a Rum daga 1935 lokacin da Italiya ta shiga Habasha, an buga a Landan, Faris, Burasel da Birmingham, an buga a Bombay lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga shi. An ƙiyasta cewa an buga wajen miliyan 389 tsakanin 1751 da 2000. Saboda haka in mai talla ya rubuta "shekara fiye da 240" yana nuna maka 1780, yana iya sayar maka da azurfa ta gaske, wadda za ta ci duk gwajin duniya, amma an buga ta bara. Ba jabu ba ce. Farashin da ya ɗora mata ne jabun. Masana suna raba bugu da bugu ta ƙananan alamomi a jikin zanen, kamar tsarin lu'ulu'un da ke kafaɗar sarauniyar da fuka-fukan jelar mikiyar da ke baya, aikin da yake buƙatar littafin kwatance da gilashin ƙara girma.

Baƙin da tsohuwar azurfa ke yi ma ba hujja ba ne. Farar wuta da ke cikin iska ce take haɗuwa da azurfa ta yi wannan launi, kuma dafaffen ƙwai a cikin leda zai yi aikin shekaru a yini ɗaya.

Ga kuma wani abu mai sauƙi da ake mantawa: gwaje-gwajen nan duk sai sule yana hannunka. Mai saye ta intanet hoto kawai yake da shi. Bidiyon da mai sayarwa ya turo yana gwada maganaɗisu bai tabbatar da cewa sulen da zai sa a ambulan ke nan ba, ƙarar ma ana iya ɗora ta daga baya. Abin da ke hannunka kafin biya lissafi ne da ido. Liyari yana ɗauke da azurfa zalla giram 23.39, kusan kashi uku cikin huɗu na oza ɗin da ake sayar da azurfa da shi, mai giram 31.1. Ka duba farashin azurfa na ranar ka lissafa. Duk wanda ya saka farashi ƙasa da haka yana cewa ne ya fi son asara a kan ya kai wa maƙeri ya narka, kuma ba a cika samun irin wannan mai kyauta ba.

Daga nan ka nemi hoton gefen sulen. Liyari yana da rubutun Latin mai tudu a gefensa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, kuma nan ne masu jabu suka fi kasawa. Sule na asali buga shi ake yi da hatimin ƙarfe da ƙarfin gaske, haruffa su fito da kaifi. Wanda aka narka aka zuba a mazubi yakan zo da layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka kamar zanzana, haruffan kuma sun yi dundum. In mai sayarwa yana da guda biyar, ka nemi hoton dukkansu. Tsofaffin kuɗi biyu ba sa yin tabo iri ɗaya a wuri ɗaya. In ka ga ƙarzuwa ɗaya tana maimaituwa a kumatun sarauniyar, daga sule ɗaya aka kwafo su duka har da rauninsa. Robar da kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS ke rufe sule a ciki ita ma ana yin jabunta, don haka a shigar da lambar a shafinsu, in akwai hoto a kwatanta tabo da tabo.

Liyarin da aka gada a gidajenmu sau da yawa yana da kunne da maƙeri ya liƙa masa, ko huda ta rataya. Wannan yana canza nauyi, don haka kar a yi masa hukunci da giram 28.07 kai tsaye. Hudar ba ta taɓa lissafin kofin ruwa ba, tunda nauyi da girma tare suka ragu. Kunnen kuwa wani ƙarfe ne daban, yana iya karkatar da lambar kaɗan.