Shirun Malami Bashi Ne

Unguwar Zaitawa a cikin birnin Kano ta samo sunanta daga Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da Tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma shi ne alƙalinsu. Tun daga lokacin malamin Kano yake zaune dab da fada, kusancin kuwa ya ɗora masa nauyin da babu shi a kan manomi ko ɗan koli, wato faɗa wa mai mulki gaskiya. Al-Maghili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa littafi kan wajiban sarauta a ƙarshen ƙarni na 15. Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga abokan jihadi sun karkata ga dukiya da mulki, ya kama hanyar Makka, ya yada zango a Kano, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam. Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, wannan gadon suka fitar daga zaure zuwa kasuwa.

Malaman Yahudawa ma sun daɗe suna tauna mas'alar, har suka yi mata ma'auni. Littafinsu Talmud, a babin Asabar, ya koyar da cewa wanda ke da ikon tsawatar wa iyalinsa ya yi shiru, da laifinsu za a kama shi, haka mai ikon tsawatar wa gari, haka mai ikon tsawatar wa duniya. Alhaki yana tafiya ne gwargwadon nisan da murya ke kaiwa, kuma wannan bai yi hannun riga da umarnin gusar da munkari da hannu ko harshe ko zuciya ba. Da wannan fahimta malamin Yahudawa Abraham Heschel ya yi tattaki tare da Martin Luther King a Selma ta Amurka a 1965, kan haƙƙin baƙar fata. Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da koyarwar Yahudawa alhali jini na kwarara a Gaza? Ai koyarwar kanta hujja ce a kan masu zubar da jinin, kuma ƙungiyar B'Tselem ta Isra'ila tun 1989 take tattara shaidar zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa.

Suka mafi nauyi daga gida take fitowa: ana cewa nasiha a asirce ake yi wa shugaba, zanga-zanga kuwa ƙofar fitina ce. Ba magana ce ta banza ba. A watan Agusta na 2024 an ga yadda zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano ta rikiɗe zuwa wawashe kaya da asarar rayuka. Sai dai malamin da ya hana talaka fita ya ɗauke masa nauyi ne ya aza wa kansa, domin muryarsa tana shiga inda ta talaka ba ta shiga. Idan ya yi nasihar a asirce shekara da shekaru, kwanon shinkafa bai sauko ba, yaran da aka kama kan zanga-zangar kuma suka zube don yunwa a gaban kotu a Abuja cikin Nuwamban 2024, to asirin ya daina amfani. Abdullahi ɗan Fodiyo bai raɗa kokensa a kunne ba, rubutawa ya yi almajirai suka kwafa. Malaman cikin ganuwa, mumbari yana hannunku duk Juma'a. Ku ambaci zaluncin da sunansa, ko ku daina hana wanda yunwa ta fito da shi.